Sa Hannu a Gidan Takarda

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

A daidai wannan lokacin ya kamata a ce ina gaban 'yan aji shida, muna karanta waƙar da na yi musu alkawari. Ga ni a bakin gado da littafin tsara darasi, ina rubuta abin da ba darasi ba. Shugabar makaranta ta ce in huta a gida har a gama bincike. Da taushin murya ta faɗa, har ta rako ni bakin ƙofa. Umma ta leƙo sau biyu tana tambaya ko zazzaɓi ne. Na ce kaina ke ciwo. Ba duka ne ƙarya ba.

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa ganin safiyar Litinin ta wannan tagar ba. Ashe ƙarfe goma motar kwashe shara ke wucewa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ban fita ba.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Zama ya gagare ni, na tafi Gidan Takarda. Bari in rubuta yadda wurin yake, don kada in wayi gari in manta abin da ya sa na fara kai yara can, laifin kaɗai ya rage min.

Gidan abinci ne mai tebur tara a bayan layin maɗaba'a. Gawayi da matarsa suka buɗe shi. Shi mai zane ne, ita maginiyar tukwane ce, duk kwanon da za a zuba maka abinci a ciki ita ta gina shi, shi ya sa babu biyu da suka yi kama. Ba a shimfiɗa ƙyalle a tebur, takarda ake shimfiɗawa, ragowar da maɗaba'a ke zubarwa, kusa da gishiri kuma ga gwangwanin gawayi da fensira. Kana jiran abinci kana zane. Masu ɗaukar hoto, masu rubutu, masu kaɗa jita, nan suke yini suna gardama a kan kofin shayi ɗaya. Kowace Alhamis ƙarfe huɗu nakan kawo ɗalibaina bakwai, mu zauna a teburin taga. A wurin nan na ga yaran da ba sa buɗe baki a aji suna musu da manya a kan inuwa da haske.

Gawayi ba ya neman izini. In ya ga ka nutsu a kan wani abu, sai ya ajiye faranti, ya zana ka a tsaye, ya maƙale zanen a igiyar bango da maƙalin shanya. Yakan ce da zarar ka tambayi mutum fuskarsa ta gudu, sai ta katin shaida ta rage. Mu duka muna ɗaukar abin a matsayin karramawa.

Zanen Bahaguwa yana nan a igiyar. Ita ce ta fi kowa a cikin bakwai ɗin, hannun hagunta ya san abin da ni ban sani ba. Ya zana ta da kayan makaranta, ta ɗan fito da harshe, tana ta aiki. Gawayi kuwa ba ya barin komai: a bayanta ga agogon bango, biyar saura kwata, ga kalanda an kewaye Alhamis. Babanta mai kantin magani ne. Wani abokin harkarsa ya kawo shi cin abinci ranar Laraba, ya ɗaga kai ya gani. Washegari ya dawo ƙarfe huɗu da rabi, ya same mu. Abin da ya faru a teburin taga ba zan rubuta shi ba.

Zanenta goma sha biyu na naɗe a saman firjin Gidan Takarda. Fom ɗin kwalejin zane yana cikin jakata, an cike komai, saura layi ɗaya a ƙasa: sa hannun uba. Ranar 30 ga wata ƙarfe huɗu za a rufe karɓa.

Mai Tukwane, matar Gawayi, ta ajiye min shinkafa ban ce a kawo ba.

"Malama, kwana biyar kin zama haka? Ci."

"Yaya, ba a sauke zanen ba?"

"Na yi magana har bakina ya gaji. Wai in ya sauke ya amsa laifi ke nan. Kin san mijina, kansa kamar ƙasan tukunya."

Daga bayan kanta Gawayi ya ce, "Ina jin ki."

"Don ka ji na faɗa."

Na ci cokali uku.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Gawayi ya shimfiɗa sabuwar takarda a teburin taga, ya feƙe fensira bakwai. Ba wanda ya zo. Makaranta ta aika wa iyaye takarda. Na zauna ni kaɗai har shayin ya huce. Mai Hoto, wanda kusurwar ƙofa ta zama kamar ofishinsa, ya zo ya zauna kusa da ni, ya ɗauki fensir, ya ce yau shi ne ɗalibi, in ba shi maki. Ya zana kyanwa mai kama da buhu. Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je kantin maganin. Kusan rabin awa na yi a tsallaken titi ina maimaita abin da zan faɗa. Na tsara shi kamar darasi, da gabatarwa da misalai. Da na shiga, baban Bahaguwa yana ɗaure wa wata tsohuwa magani a 'yar ambulan, yana yi mata bayani a hankali har sau biyu. Da ta fita ya dube ni.

"Me za a ba ki?"

"Yallaɓai, na zo ne..."

"Me za a ba ki, Malama?"

Duk darasin ya watse. Na ji bakina yana cewa maganin ciwon kai. Ya ɗauko, ya rubuta a jikin ambulan.

"Biyu da safe, biyu da yamma. Ki ci abinci tukun."

Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Motar shara ta wuce. Saura kwana goma sha bakwai.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe uku na yamma

An yi zaman kwamiti. Mutum huɗu a tebur, ni a kujerar da iyaye ke zama in an kira su. Sun ajiye takardar neman izinin da na rubuta a gabana, sun ba ni kwafi ma, wai in riƙe. Rubutuna ne, ba gardama. "Ƙarin darasi kowace Alhamis, ƙarfe huɗu zuwa shida." A ƙasa ga sa hannun baban Bahaguwa.

Na ce ai darasi ne. Mataimakin shugaba ya ce wane darasi, kuma a ina?

Sauran iyaye shida na faɗa musu baki da baki, sun sani. Shi kaɗai na rubuta wa haka. A ranar iyaye ya tsayar da ni, ya ce wannan ƙarin darasin na kimiyya ne ko, don yana so ta karanta haɗa magunguna. Na ce masa, "Za ta amfana sosai." Ya yi min godiya. Har ya ce Allah ya saka.

Ban faɗa wa kwamiti wannan ba. Shi ma ashe bai faɗa ba.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Umma ta sani. Maƙwabciya ta rigaye ni. Ta shigo da tsintsiya a hannu, ta zauna a gefen gado, abin da ba ta saba yi ba.

"Yarinyar ta iya zanen da gaske?"

"Umma, ban taɓa ganin irinta ba."

"To. Shi uban mahaukaci ne?"

"A'a."

"Mai duka ne?"

"A'a."

"To me ya hana ki buɗe baki ki faɗa masa?"

Na ce na san zai ƙi. Ta ce a ina na sani, mafarki na yi? Ta tashi ta ci gaba da shara, tana ta share wuri ɗaya.

Yau Alhamis. Ba zan je ba.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na je. Teburin taga ba kowa.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wata 'yar ajin su Bahaguwa ta biyo ta gida da takardarta a ninke, an yago ta daga littafin lissafi. "Malama, saura kwana sha biyu. Ban yi fushi da ke ba." Shi ke nan.

Yarinyar ta ce baban Bahaguwa bai taɓa ta ba, bai ƙwace mata ko fensir ba. Shi ke kai ta makaranta, shi ke ɗauko ta, da yamma ta zauna a kanti tana rubuta yadda ake shan magani a jikin ambulan. Wai ba ya yi mata faɗa, ba ya kuma yi mata hira.

Ban yi fushi da ke ba. Na karanta ya fi sau ashirin. Wanda bai yi fushi ba, me zai sa ya rubuta?

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Da ban nuna wa Gawayi kwafin ba.

A Gidan Takarda ina ba su labarin kwamiti ne, na fito da takardar. Gawayi ya karɓa, bai karanta rubutuna ba, ƙasa ya zuba wa ido. Sai ya juya takardar kai a ƙasa, ya ɗauki fensir, ya ja layi a takardar tebur, a hankali, numfashi ɗaya. Ya juyo min. Sa hannun mai kantin magani ne, har da wata 'yar karkata a ƙarshe.

"In ka juya shi kai a ƙasa ka daina ganin suna," in ji shi, "layi kawai kake gani. Layi kuwa ba na kowa ba ne."

Mai Hoto ya leƙo ya yi fito. "Kai! Da ka shiga wata sana'ar da yanzu kana da bene."

Gawayi ya ce, "Malama, kawo fom ɗin. In ta samu shiga, uban zai sauko. Wane uba ne zai ga takardar ɗaukar 'yarsa ya yaga?"

Mai Tukwane ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Me na ji?"

"Taimako za mu yi."

"Taimakon farko ne ya kawo mu nan. Ka zana 'yar mutane ba ka tambaya ba, yanzu za ka zana hannun ubanta. Gobe sai ka zana shi kansa ka zaunar a kanti."

"Ke ba ki ga aikin yarinyar nan ba ne?"

"Ni ke goge teburin da take yi a kai. Na riga ka gani."

Ta juyo gare ni. "Malama, ke mai ilimi ce. Ki yi magana."

Na ce a'a, ba za a yi ba.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ce a'a.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na ce a'a, amma ban karɓo kwafin daga hannunsa ba. Na kuma lura jakata ta yi sauƙi. Fom ɗin na baro shi a kan tebur ranar Litinin. Ina ta gaya wa kaina mantuwa ce.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gidan Takarda ya canza. Miji da mata ba sa magana, sai ta bakin Mai Hoto. "Gaya masa albasa ta ƙare." "Gaya mata na ji." Miyar yau ta kama, ƙaurinta har titi. Tebur uku ne kawai da mutane. A unguwa ana cewa nan ne ake ɓoye 'ya'yan mutane, masu kawo iyalinsu ranar hutu sun ɗauke ƙafa. Masu jita ma sun rabu biyu, wasu na bayan Gawayi, wasu sun koma shan shayi a wani wuri.

Mai Tukwane ta sauke zanen Bahaguwa da kanta, ta naɗe shi tare da sauran. Maƙalai biyu na lilo a igiya. Ba wanda ya maye gurbin.

Da zan fita ta riƙo hannuna a bakin ƙofa. Tafin hannunta kaushi, duk yumɓu ya cinye shi.

"Ƙanwata, shekara shida muna gina wurin nan don yara irin nata su samu inda za su zauna. In aka yi abin nan, ko ba wanda ya sani, ni na sani. Ba zan iya sake zuba wa uban kowa abinci ba."

Ban tambayi fom ɗin ba.

Lahadi, 26 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Gawayi ya zo gida da kansa, karo na farko. Ya gaida Umma har ƙasa, ya ƙi shiga. A soro ya miƙo min ambulan da naɗin zanen.

"Na yi nawa. In kin ga dama ki kai, in kin ga dama ki ƙona. Ni dai ba zan zauna ina kallo hannun nan ya ƙare a rubuta biyu da safe biyu da yamma ba."

Idonsa ya yi ja. Ya ce shi ma yana da shekara goma sha bakwai aka taɓa rufe masa wata taga, bai ce wacce ba.

A cikin ambulan ga fom ɗin da kwafin. Da biro ya yi sa hannun, baƙi. Na ajiye kusa da kwafin. Na kasa gane wanne ne na gaske.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ambulan na ƙarƙashin matashi. Umma ta canza zanen gado, ta mayar da ita inda ta same ta.

Talata, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je kwalejin. Tagar karɓar fom 'yar ƙarama ce, da ƙarfe a jiki, ma'aikacin yana cin gyaɗa yana buga hatimi, ko duba sa hannun ba ya yi. Mutum biyar ne a gabana. Da ya rage saura ɗaya sai na fita daga layi, na tsaya a ƙarƙashin bishiya kamar mai jiran wani. Kullum ina gaya wa yara cewa in sun rubuta abin da ba nasu ba ina ganewa. Na dawo gida da ambulan.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na kai wa baban Bahaguwa.

Bahaguwa tana bayan kanta, ta miƙe da ta gan ni, ta ce "Sannu, Malama," ta sake zama. Ta rame. Bai tambaye ni me za a ba ni ba, don na riga na ajiye fom ɗin a gabansa. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon layin ƙasa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na bari aka yi, Yallaɓai. Ban kai ba. Na kawo maka ne."

"Har karkatar. Yatsana ne ya taɓa karyewa, shi ya sa nake yin ta." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ya fi ni iyawa."

Na warware naɗin ba tare da ya ce ba. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, yana danne gefe da kwalbar maganin tari don kada su naɗe. Wani ya shigo sayen magani, ya ce masa ya dawo anjima. A kan na bakwai ya daɗe, zanen wata mata ce tana barci a tasha da jaka a cinya. Bai ce yana da kyau ba. Ya juya ya dubi 'yarsa, ita kuma ta dubi ƙasa.

"Malama, a ranar iyaye na tambaye ki. Da kin ce zane ne, da na yi faɗa, ban musa ba. Da mun yi jayayya, wataƙila ki kayar da ni, wataƙila in kayar da ke. Amma kin dube ni kin yanke cewa ni ba mutumin da ake yi wa magana ba ne. Wata shida ina gode miki."

Na ce gobe ƙarfe huɗu za a rufe.

"Na iya karatu. Bar su nan. Ki gaida gida."

Alhamis, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban iya karyawa ba. Zan tafi kwalejin da rana in jira su a can.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Tun ƙarfe ɗaya nake ƙarƙashin bishiyar. Duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Huɗu saura minti biyar layi ya ƙare, ma'aikacin ya fara tattara hatimi. Na matsa, na tambaye shi ko wani mutum mai tabarau ya zo da yarinya da naɗin zane.

"Mai kantin magani? Tun ƙarfe tara suka zo. Su suka buɗe min taga."

Na dafa ƙarfen.

"An karɓa?"

"Ina fa. Ya soke sa hannun da ke kai da layi biyu, ya sa wani a gefe. Fom mai gyara ba ya wucewa, doka ce, ba ni na kafa ba. Ya ce a ba shi sabo, na ce an daina bayarwa tun ashirin ga wata. Har wurin babba ya hau, awa biyu suna sama, bai yiwu ba." Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Na ce masa, Baba, ai duk iri ɗaya ne, da ka bar na farkon wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Yarinyar ce ta ba ni tausayi, ita ke ba shi haƙuri."

Ya ja tagar.

Juma'a, 31 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Takarda ta zo daga makaranta. In koma aiki Litinin, da gargaɗi a rubuce, ba fita da ɗalibai. Bahaguwa tana layi na biyu, kusa da bango. Zan shiga in ce su buɗe shafi na arba'in.

Gawayi ya kira sau huɗu, ban ɗaga ba. Ban san yadda zan gaya masa ba cewa mutumin ya zo ƙarfe tara da bironsa, kuma da mun bar layin nan fari, da an karɓa.